Duwatsun da Ya Zaɓo Min

Ku yi haƙuri, 'yan uwa, na san na yi muku shiru. Wata baiwar Allah har ta rubuto min cewa idan aure ne ya ɗauke min hankali in fito in faɗa, ta huta da leƙowa. 'Yar uwa, da auren ne ai da kin ji guɗa daga inda kike. Dutse ne ya riƙe ni sati shida, kuma yau zan ba ku labarinsa tun daga tushe, har da wurin da na yi abin kunya, don tun farko na yi alkawarin ba zan riƙa wanke kaina a nan ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, shekarata ta ƙarshe ke nan a jami'a, ina karanta ilimin ma'adinai. Mu ba ma haƙa. Idan an haƙo dutse, mu ake kawo wa mu duba mu ce abin da ake nema yana ciki ko babu, ga girman ƙwayarsa, ga abin da ya manne mata, ga irin niƙan da zai sake ta. A gidanmu Umma ta fi kowa gane karatun nan. Ranar da na yi mata bayani tana tsugune tana rairayar shinkafa, ta ɗago ta ce, "Au, ashe rairaya kike karantawa har shekara biyar?" Na buɗe baki zan musa, na ga gaskiyarta ce. Goggo kuwa, yayar Abba, 'Yar Duwatsu take kirana, kuma ba yabo take nufi ba. A lissafinta duk sa'o'ina sun yi aure sun bar ni ina wasa da tsakuwa.

Shi kuma mai nemana, a wayata sunansa Akori-kura, saboda irin motar da yake tuƙawa. Da motar na fara ganinsa. Ya kawo ta shagon waldar Abba da ke ƙofar gidanmu, ni kuma na fito da sauri da farar rigar ɗakin gwaji a hannu. Ya tambayi Abba ko likita ce, Abba ya ce, "Likitar duwatsu." Tun daga ranar motar nan ba ta ƙara yin sati guda ba ta lalace ba. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Na ƙara wa sunan 'yar zuciya a gefe, amma ban canza shi ba.

Mahaifinsa, Alhaji, dillalin kayan gini ne, mutum mai tsadar magana. Sau biyu na taɓa gaishe shi, kuma duka biyun abin da na fi riƙewa shi ne zoben azurfarsa mai jan dutse, wanda yake ƙwanƙwasa murfin mota da shi idan yana tunani. Ɗan nasa ya kusa talatin, amma har yanzu aike kawai yake yi masa. Sai bana Alhaji ya samu izinin haƙar kuza a wani fili can bayan gari, ya danƙa masa kula da wurin. Kuza ita ce baƙin ma'adinin nan mai nauyi da ake narkarwa a yi ƙarfen liƙe wayoyi da shafen gwangwani. Wannan ne aiki na farko da uban ya taɓa cewa, "Ga shi, naka ne." Ku riƙe wannan, don shi ne ciwon.

Wata Juma'a da la'asar ya zo zance. Ina sanye da doguwar riga ruwan toka da mayafi ruwan hoda, na jera masa lemo da ruwa a falo. Sai ga shi da gwangwanin biskit, har an ɗaure shi da jan zare. Goggo tana gidan ranar, ta wuce ta ƙofar falo sau uku wai neman carbinta take.

"Buɗe mana, Malama," in ji shi. Haka yake kirana.

Na buɗe. Duwatsu ne, guda ashirin da wani abu, kowanne an naɗe shi da farar takarda kamar ƙwai. Farare tas, baƙar kuza ta yi musu ɗigo-ɗigo, wata ƙwayar ta kai girman wake, sai walƙiya take.

"Na ji kina kukan ba ki samu samfurin aikin kammala karatu ba. Ga na wurinmu. Kin huta."

Daga ƙofa Goggo ta ce, "Ikon Allah. Wasu turare ake kawo musu."

Ni kuwa wallahi da turaren duniya ya kawo min ba zan ji daɗin da na ji ba. A nan ne kuma na yi abin kunyar. Tun ina aji biyu aka koya mana yadda ake ɗiban samfur, na rubuta jarrabawa a kai, na ci. Na san ba a karɓar dutse a gwangwanin biskit. Amma na kalli fuskarsa, na kalli jan zaren, sai ilimin ya miƙe ya ba mu wuri.

Abin da ya ƙara ba ni hanya, mutumin da zai taka min birki ba ya nan. A ɗakin gwajinmu akwai wani dattijo, shi yake kula da injinan yanka da niƙa da goge dutse tun kafin a haife ni. Ɗalibai Baba Sake muke ce masa, saboda kalma ɗaya ya sani. Ka yini kana gugar dutse har yatsunka su yi fari, ka kai masa, ya ɗaga shi wajen taga, ya ce, "Sake." To lokacin an yi masa aikin ido yana gida. Dakta, malamin da yake duba aikina, a kan matakala ya sa min hannu a takarda yana saurin zuwa taro. Abin da na rubuta a kai shi ne samfur daga wurin haƙa, kuma ai ban yi ƙarya ba, in ji zuciyata.

Sati biyu na yi a kansu. Na farfasa, na niƙa, na tankaɗe a rariya-rariya daga mai manyan ido zuwa mai ƙanana. Na zuba kowane kashi cikin danƙo ya daskare kamar sabulu, na goge fuskarsa har ina ganin kaina, sannan na ɗora a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu na fara ƙirga ƙwaya. Abin da na gani ya sa na yi tsalle ni kaɗai. Da niƙa kaɗan, kamar girman yashi, kuzar ta rabu da farin dutsen, cikin ƙwaya goma tara sun fita fes. Ma'anar haka, tebur mai girgiza ya isa. Wani faffaɗan tebur ne mai ɗan gangare, ruwa yana bi ta kansa yana girgiza, mai nauyi ya taru gefe guda, marar nauyi ruwa ya tafi da shi. Rairayar Umma ce dai aka sa mata inji.

Na ɗauki waya.

Ni: Albishirinka.

Shi: Goro fari ƙal!

Ni: Dutsenku mai sauƙin kai ne. Tebur kawai kuke buƙata.

Shi: Allahu Akbar. Malama, kin tabbata? In faɗa wa Baba?

Ni: Faɗa masa.

Kalma biyu, da yatsa ɗaya na rubuta su, ɗaya hannun yana riƙe da robar lemo.

Kafin sati ya zagayo maganar ta yi ƙafa. Alhaji ya fara magana da masu sayar da tebura, ya ce ƙarshen wata zai je ya ɗauko guda huɗu. Ya tsaya da motarsa a shagon Abba, abin da bai taɓa yi ba, ya ƙwanƙwasa zobensa a murfi ya ce, "Yarinyar nan taka akwai kai. Manya su zauna Asabar ɗin ƙarshen wata a tsayar da magana." Goggo ta kwaso kayanta ta tare a gidanmu. Rana ɗaya 'Yar Duwatsu ta koma 'yar albarka, har cewa take ita dama tun ina goye ta ga alama.

Ranar Litinin Baba Sake ya dawo, da baƙin gilashi da sanda. Na ruga na kai masa gogaggun duwatsuna ina jiran in ji "Sake". Ya juya su a hannu, ya shafa da babban yatsa, bai ce in sake ba. Sai idonsa ya sauka kan gwangwanin biskit ɗin da ke ƙarƙashin teburina, da sauran guda biyar a ciki. Ya ɗauki ɗaya ya warware takardar.

"'Yata, wa ya ɗebo miki wannan?"

"Wani ne, Baba. Mai wurin."

"Da ido ya ɗebo ko da shebur?"

 Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

"Wannan wanin," in ji shi, "yana zuwa gidanku da la'asar?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ja kujera ya zauna, ya cire gilashin yana goge hawayen da sabon idon yake yi.

"Ba laifinsa ba ne. Duk wanda ya tsaya a gaban tulin dutse, hannunsa mai ƙyalli zai ɗauka, balle wanda zai kai wa budurwa. Shi ya sa muke aikin da shebur, shi ba shi da masoyiya. Amma ke kin sani. Gugarki ta yi kyau, ƙirgarki daidai ce, sai dai gwangwanin biskit kika auna, ba filin mutane ba." Ya mayar da gilashinsa. "Sake."

Shekara biyar ina jin kalmar nan, ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar.

Na rubuta wa Akori-kura cewa ina buƙatar ƙarin samfur. Ya ce shi yana hanya, Alhaji ya aike shi, amma in je, mai gadi zai buɗe min. Har da tambayar ko ya zaɓo min idan ya dawo. Na ce a'a, kada ya wahalar da kansa.

Abba ne ya kai ni. Ban yi masa dogon bayani ba, na ce dai aikin makaranta ne kuma yana buƙatar ƙarfi. Ya rufe shago ranar Asabar, ranar da ya fi samun aiki, ya ari motar maƙwabcinmu, ya jefa shebur da buhuna takwas a baya. Da muka isa na ga tulin da aka haƙo, ya fi ɗakinmu tsayi. Yawancinsa dutse ne ruwan toka, babu ƙyalli babu komai. Irin na gwangwanin sai ka yi ta dube kafin ka ga ɗaya.

"Yaya ake yi, Uwata?" in ji Abba.

"Duk taku goma ka soka shebur, Abba, sama da tsakiya da ƙasa. Abin da ya hau shi ke nan. Kada ka duba."

"Ko na ga mai kyau?"

"Musamman idan ka ga mai kyau."

Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga. Mutum mai shekara hamsin da takwas da ciwon gwiwa, ya zagaye tulin nan cikin rana yana ƙirga taku da baki, ni ina bin sa da buhu. Sau ɗaya wani farin dutse mai walƙiya ya gangaro har kan ƙafarsa. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya tsallake. Har muka dawo gida bai tambaye ni me ya faru ba, sai ruwa da ya saya min a hanya ya ce in sha, leɓena ya bushe.

Buhu takwas ba sa shiga madubi, dole a rage su, kuma ragewar ma ba a yin ta da ido. Baba Sake ya sa aka shimfiɗa tamfol a bayan ɗakin gwaji. Muka farfasa duwatsun, muka juye, muka cakuɗa, muka tara su tsibi guda, muka baje kansa, sannan ya ja layi biyu da bakin shebur ya raba shi gida huɗu. Biyun da ke kusurwa da kusurwa a kwashe a zubar, biyun da suka rage a sake cakuɗawa a sake rabawa. Haka muka yi ta yi har buhu takwas suka koma cikin kwano ɗaya. Likita ya hana shi shiga ƙura, amma ya ɗaure hankici a fuska ya tsaya a kaina har muka gama. Da na ce ya je ya huta, cewa ya yi in ji da shebur ɗina.

Kwana goma na ƙara ina niƙa da tankaɗe da guga. Ranar da na ɗora sabon a ƙarƙashin madubi, na daɗe ban ɗago ba. Kuza tana nan, ba a ce babu ba. Amma ƙanana ne ƙwarai, kamar an barbaɗa toka a cikin dutsen, kowace ƙwaya a kulle. Kafin ta fita sai an niƙa dutsen ya yi laushin fulawa, idan kuwa ya yi wannan laushin, ruwan tebur ba zai bar ta ta zauna ba, tare da laka zai kwashe ta. Teburan Alhaji huɗu za su yi ta girgiza ne suna wanke dukiyarsa zuwa kwata. Ranar Talata ce, saura kwana huɗu manya su zauna.

A kicin na samu Umma. Na jingina da ƙofa na faɗa mata komai. Ban san Goggo tana tsakar gida tana shanya ba sai da na ji ta a bayana.

"Ke, rufe min baki! Wa ya ji? Wa ya gani? Daga ke sai wancan tsohon mai ido ɗaya."

"Goggo, a kan maganata zai sayi injinan."

"To sai me? Ke kika aike shi haƙa? Ki bari a tsayar da magana, a ɗaura. In kin shiga ɗakinki kya faɗa wa mijinki cikin lallashi. Mace ba ta kai wa surukinta labarin asara tun ba ta shiga gidan ba. Shekararki ashirin da huɗu fa, 'Yar Duwatsu. Allah ya kawo miki ɗan mutunci har ƙofa, za ki kore shi da tsakuwa?"

Zan faɗa muku gaskiya, maganarta ta shige ni. Ba mugunta take yi ba, tsoro take ji min, kuma irin tsoron ne a cikina. Ina son mutumin nan. Ina son yadda yake tsayawa ya saurari bayanin duwatsuna kamar labarin ƙwallo. Na tsaya a kicin ɗin nan ina lissafin kwana huɗu, ina ce wa kaina ai jinkiri ba ƙarya ba ne.

Umma ta gama tsane shinkafarta tsaf. Sannan ta ce, "Je ki kira Abbanki."

Abba ya shigo da gilashin walda a goshi, ya saurari Goggo har ta gaji don kanta. Sai ya ce, "Yaya, na ji ki, kuma na san don ita kike yi. Amma shekara talatin ina walda. Wadda aka rufe da fenti ba a shago take karyewa ba, sai an yi lodi an hau titi." Ya juyo gare ni. "Ni ban iya karatunki ba, Uwata, amma ni na riƙe shebur ɗin. Idan Alhaji ya tambaye ni, abin da na sani zan faɗa. Gara ya fito daga bakinki."

Goggo ta ce mu dai gidan nan ba ma son alheri, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Ni: Ka zo makaranta gobe da safe. Akwai abin da zan nuna maka.

Shi: Wani albishir ɗin ne?

Na daɗe ina kallon tambayar. Na rubuta masa, ka dai zo.

Ya zo cikin farar riga mai guga, ƙamshinsa ya cika ɗakin gwaji, har da ledar tuffa ya riƙo wa Baba Sake don ya ji an yi masa aiki. Baba Sake ya karɓa ya yi godiya, ya ce zai je ya duba wani inji, ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Na zaunar da Akori-kura a gaban madubi, na gyara masa shi daidai idonsa.

"Wannan naka ne, na gwangwani."

"Kai! Kamar duwatsun zobe."

Na cire na sa ɗayan. "Wannan kuma na tulin ne gaba ɗaya."

Ya daɗe yana dubawa. "Ban ga komai ba."

"Duba gefen dama. Ɗigon nan kamar bakin allura."

Na yi masa bayanin laushin fulawa da ruwa da laka. Na ce kuza tana nan, akwai wasu hanyoyin da ake kama irinta, amma ba tebur ba, kuma sai an ƙara gwaji kafin a sayi ko ƙusa. Yana ji, fuskarsa tana canzawa a gabana.

"Kin ce in faɗa masa."

"Na ce."

"A gaban ƙannensa na faɗa. Na ce matar da zan aura ce ta auna da hannunta. Kin san tunda nake bai taɓa dafa kafaɗata ba sai ranar?" Ya miƙe, ya sake zama. "Kwana uku na yi a kan tulin nan ina zaɓo miki su. Kwana uku, Malama. Na ce ba zan kai miki mummuna ba."

Nan hawayen da nake riƙewa suka zubo. "Na sani. Kai ba ka san ƙa'idar ba, ni na san ta. Ranar da ka kawo ya kamata in yi godiya, in ajiye su a kan madubin ɗakina, in ce ka kai ni wurin da shebur. Daɗi ne ya rufe min ido. Laifin nawa ne, kuma idan kana so ni zan je in faɗa wa Alhaji da bakina."

"A'a." Ya ɗauki makullin motarsa. "Ubana ne."

Ya fita bai waiwayo ba. Ta taga na ga akori-kurar ta daɗe a tsaye kafin ta tashi.

Washegari Alhaji ya kira Abba. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba: zaman Asabar a dakata, za su neme mu. Goggo ta haɗa kayanta tana faɗin kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma da ta zo fita ta tsaya ta gyara min mayafi, idonta jajir. Na tura wa Akori-kura saƙo uku, duka ya buɗe, babu amsa. Asabar ta zo ta wuce, gidanmu tsit, sai ƙarar injin waldar Abba. Umma ta riƙa aikena abubuwan da ba ta buƙata don kada in zauna ni kaɗai.

Abin da ya riƙe ni aiki ne. Baba Sake ya hana ni zubar da sakamakon farko. Ya ce in jera su biyun gefe da gefe, in rubuta dalilin bambancin da sunan wadda ta yi kuskuren. Da Dakta ya karanta, ya cire tabarau ya ce shi ma da ya sa hannu a kan matakala yana da kaso, kuma wannan babin ya fi duk sauran amfani. Na kai wa Baba Sake sabuwar gugar ƙarshe, ya ɗaga ta wajen taga, ya juya, ya miƙo min. Ina tsaye ina jira.

"Me kike jira?" in ji shi. "Tafi."

Jama'a, ban san ko gidan Alhaji zai zama gidana ko ba zai zama ba, amma a kwanakin nan na ƙirga abin da Allah ya ba ni na ga ya fi ƙarfin godiyata. Uban da ya tsallake dutse mai walƙiya don na ce kada ya duba. Uwar da ta san lokacin da za a kira shi. Tsohon da ya shiga ƙura da ɗanyen ido saboda 'yar wani. Har Goggo na gode mata, don ita ta faɗi abin da ke raina da ƙarfi, na ji muninsa da kunnena.

Kwana tara ba labari. Jiya da azahar ina ɗakin gwaji ina wanke rariya, wayata ta yi ƙara a aljihun farar riga. Na goge hannu na duba. Akori-kura, da 'yar zuciyarsa a gefe. Hoto ne. Shuɗin tamfol a shimfiɗe a ƙasa, tsibin farfasasshen dutse ruwan toka a kai, an baje kansa, an raba shi gida huɗu. Layin ɗaya ya ɗan karkace.

Shi: Malama, daga sabon ramin gabas ne. Wuri talatin na soka, idona yana kallon sama. Mai gadi ya gaya min yadda kuka yi, sauran na tambayi Baba Sake a waya. Wanne biyu zan zubar?

Na zauna a kan buhu. Na juya na kalli Baba Sake, sai ga shi ya duƙufa a kan wani inji da ba abin da ya same shi.

Ni: Kowanne, in dai kusurwa da kusurwa ne. Kada ka zaɓa.

Shi: Na daina zaɓe. Sau ɗaya na iya, kuma na riga na yi.

Na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Sai kuma halin aikin ya motsa, na sa yatsa biyu na buɗe hoton don in ga ko an farfasa duwatsun daidai. Na bi gefen tamfol ɗin har kusurwar sama, inda shebur yake tsaye. A nan na tuna cewa mai ɗaukar hoto ba ya riƙe shebur. Hannun da ke kan ƙotar na dattijo ne, ƙura ta yi masa fari har wuyan hannu, kuma a yatsansa akwai zoben azurfa mai jan dutse.